Me ya sa istil ke ƙin kama baƙin ƙarfe a wutar maƙera?

Wuƙaƙen nan masu zane a jiki, waɗanda ake kira wuƙar Dimashƙa, sun cika wayoyin samarinmu. Ka buɗe TikTok ko Facebook sai ka ga wani maƙeri a Amurka ko Japan ya jera fallayen ƙarfe, ya cusa a wuta, ya buga, ya ninke, ya sake bugawa, daga ƙarshe ya tsoma a wani ruwa, zane ya fito raɗau. 'Ya'yan maƙeranmu na Kassala da Gadarif, nan gabashin Sudan, suna kallo, kuma ba laifinsu ba ne in sun ce su ma za su iya, tun da sun tashi sun tarar da iyayensu suna haɗa ƙarfe biyu a wuta, ba injin walda, ba lantarki. Wanda ya gwada da tsohon magagari da ruwan zarto, in yana da hannu, yakan dace. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da aka ce a sa istil a ciki, wato ƙarfen nan marar tsatsa. A nan gwani da ɗan koyo jirgi ɗaya ke kwasarsu: a fito da ƙarfe daga wuta yana walƙiya, a buga, ya yi kamar ya kama, yana hucewa fallayen su rabu, kowanne ya kama gabansa.

Masu matsa wa maƙera lamba kuwa mahauta ne da masu agashe, kuma buƙatarsu ba ta wuce hankali ba. Wuƙar sifirin mota tana da kaifi, tana wasuwa da wuri, amma ka bar ta da jini ko ruwan lemun tsami na 'yan sa'o'i ka ga yadda za ta koma. Wuƙar istil ta kanti ba ta tsatsa, sai dai mai arahar cikinta ba ta riƙe kaifi, rabin aikin mai ita wasawa ne. Suna so a haɗa musu biyun a wuƙa ɗaya. Ana iya yi, ana ma kan yi a duniya, amma ba ta hanyar da muka gada ba.

Haɗin wuta ba narkarwa ba ne. Ƙarfen wuƙa sai ya kusa digiri 1,400 a ma'aunin Salshiyas yake soma narkewa, maƙeri kuwa yana haɗinsa ne a wajen 1,200 zuwa 1,300, lokacin da ƙarfen ya yi laushi amma bai zama ruwa ba. A wannan zafin, in fuskoki biyu tsirara suka haɗu aka matse su, ƙwayoyin zarra na wannan kan ratsa cikin wancan, iyakar da ke tsakani ta ɓace, su koma abu guda. Zafi da matsi kowa ya san da su. Sharaɗi na uku shi ake mantawa, wato fuskar ta kasance tsirara, ba komai a kanta. Wannan kuwa shi ne mai wuya, domin ƙarfe da zarar ya yi ja, iskar oksijin ta taɓa shi, sai ya yi ɓawo. Baƙin ɓawon nan ne da ke zubowa gindin uwar maƙera, wanda yara ke sharewa da yamma. Kamar mai murza fulawa ce: in ta barbaɗa busasshen gari tsakanin curi biyu, duk dannawar da za ta yi ba za su haɗe ba.

Tsofaffin maƙera sun daɗe da gano maganin wannan ɓawo ko da ba su karanta kimiyya ba. Suna watsa lallausan yashi a kan ƙarfen idan ya yi ja. Yashin ya haɗu da ɓawon, su biyun su narke a wajen digiri 1,200, su zama wani ruwa mai yauƙi da ke rufe fuskar kada iska ta sake shiga, masaɓa na sauka ruwan ya fantsama waje ya bar ƙarfe da ƙarfe. Maƙeran takobi na Japan tokar karan shinkafa da ruwan yumɓu suke amfani da su. Yanzu an fi amfani da boraks, farin garin nan da maƙeran zinariya suka sani, saboda shi tun a wajen digiri 740 yake narkewa, yana bin kowace kafa tun kafin ɓawo ya yi kauri.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da gwani yana wannan aiki ya san ba a magana a lokacin. Idonsa na cikin wuta, yaro na kan zuga-zugi. Ƙarfen ya tashi daga ja ya koma ruwan lemo, ya koma rawaya mai haske, fuskarsa ta yi sheƙi kamar an jiƙa ta, boraks na tafasa a gefe-gefe, wani siririn hayaƙi na tashi. Nan ne wurin. In aka ƙara zuga kaɗan ya fara tartsatsi yana ƙara tsit-tsit, to ya ƙone, kabon ɗin cikinsa, wato sinadarin da ke sa ƙarfe ya yi tauri, shi ne ke tafiya, wannan wurin kuma ba zai sake yin wuƙar kirki ba. Ya zaro shi da awartaki, taku ɗaya zuwa uwar maƙera, kuma bugun farko ba da ƙarfi ba ne. Ɗan koyo yakan ɗaga masaɓa iya ƙarfinsa, fallayen su zame. Gwani dannawa yake yi, sauri-sauri, daga tsakiya zuwa baki, don ruwan ya sami hanyar fita. Kunne ma na aiki: kafin ya kama ƙarar a kwance take, lub-lub, da ya kama sai ta koma ƙarar ƙarfe guda.

To me ya bambanta istil? Wani Bature mai suna Harry Brearley, a birnin Shefil na Ingila, shi ake jingina wa fitar da shi a 1913. Sirrinsa wani ma'adini ne, kiromiyam, wanda sai ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari kafin a kira ƙarfe marar tsatsa. Kiromiyam ya fi ƙarfe kwaɗayin oksijin nesa ba kusa ba. Kafin iska ta ci ƙarfen, shi ya riga ya tare ta, ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ta lulluɓe jikin gaba ɗaya. Ka kankare ta, nan take wata ta fito. Wannan fata ita ce ta sa cokalin istil ke kwana a ruwa ba abin da ya same shi. Kuma ita ɗin dai ce ke hana shi kamawa a wuta, domin a cikin zafi kauri take ƙarawa, ga shi ba ta narkewa sai an haura digiri 2,400, zafin da tun tuni ƙarfen kansa ya zama ruwa. Yashi ba ya cin ta, boraks ma ba ya iya mata yadda yake yi wa ɓawon baƙin ƙarfe.

Shi ya sa abin da aka saba gani a maƙera ke faruwa. Haɗi ya ƙi, yaro ya ce wa maigidansa, "Baba, ko dai zafi ne bai kai ba?" A ƙara gawayi, a ƙara zuga. Ƙarin zuga ƙarin iska ne, ƙarin iska kuwa ƙarin fatar nan ne. A ƙarshe baƙin ƙarfen ya ƙone, istil ɗin yana nan yadda yake, an yi asarar gawayi da yini guda. Akwai masu haɗa boraks da wani dutse mai sinadarin fulorin don ya cinye fatar, kuma yana ci, amma hayaƙinsa guba ne ga huhu. A rumfar maƙera da yara ke zaune suna zuga, ni ban ga dalilin da zai sa a kawo wannan ba.

Hanyar da ta tabbata ita ce kada a bar fatar ta yi kauri tun farko, wato a hana iska shiga kwata-kwata. Ana goge kowane falle da giranda har ya yi fes, ya kuma miƙe sosai yadda in an ɗora wani a kai ba za a ga haske tsakani ba. A wanke da sibirto ko asiton, daga nan yatsa ba ya sake taɓa fuskar, domin maiƙon hannu ma datti ne. A jera nan take, ba sai gobe ba, a matse a bais, sannan a bi duk kewayen da waldar lantarki a toshe, ko a sa jerin cikin akwatin ƙarfe a rufe shi ruf. Wasu kan jefa 'yar guntuwar takarda ko ɗigon kalanzir a ciki, don idan zafi ya tashi su ƙone su cinye ragowar iskar da ta maƙale. Ɗigo ake nufi. Wanda ya tsiyaya mai da yawa ya rufe akwati ba ko 'yar kafa, abin na iya kumbura ya fashe masa a wuta.

Sai haƙuri. Istil irin na tukwane ba ya ɗaukar zafi da sauri, abin da yake ratsarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe ba. Bayan akwati na iya yin rawaya alhali cikinsa bai kai ba, saboda haka ana barin sa ya jiƙu da zafi na wasu mintuna masu yawa ana juyawa. Kuma matsa ta fi duka. Injin matsa mai aiki da mai, wanda wasu ke haɗawa da kansu a yankin masana'antu, yana danne faɗin jerin a lokaci ɗaya, masaɓa kuwa wuri ɗaya take sauka ta ɗaga wani. Ana yi da masaɓa, amma sai jerin ya zama ƙarami. Bayan ya kama a goge akwatin ko layin waldar a zubar, don kada ya shiga cikin wuƙar. In kuma ana son ninkewa, ba a ninkewa da zafi yadda ake yi wa baƙin ƙarfe. Sai an bari ya huce, a yanka, a sake gogewa, a sake jerawa, a sake rufewa. Kowane zagaye aikin yini ne, kuma ƙarfen da ke tafiya a ɓawo da gugar giranda wani lokaci yakan kai rabi. Mai tambayar abin da ya sa irin wannan wuƙa ke tsada, ga amsarsa nan.

A nan ne matsalarmu ta gida ke shigowa. Aikin da aka ce na maƙera ne, sai ga shi ba ya yiwuwa sai da giranda da injin walda, su kuwa sai da lantarki, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kowa ya san yadda wuta da gas suka koma a ƙasar nan. Murhun gas ya fi sauƙin sarrafawa, gaskiya ne, amma gawayi ma yana yi in jerin a rufe yake. A ƙasar Hausa gawayin ƙirya maƙera ke nema. Nan gabas akwai na bagaruwa da na talha, ga kuma itacen muskit da ya addabi manoman Gash da Tokar, wanda gawayinsa ba laifi. Abin lura shi ne wutar ta yi zurfi, ƙarfen ya zauna a sama da bakin zuga da tazara, gawayi a ƙarƙashinsa gawayi a kansa, yadda iskar za ta ƙone kafin ta iso shi.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne zaton istil duk ɗaya ne. Wanda aka fi sani, na manyan tukwane da kwanon wanke-wanke, lambarsa 304, yana da kiromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, kabon kuwa kusan babu. Ka gasa shi ka tsoma a mai ko a ruwa, ba zai yi tauri ba har abada, saboda haka ba ya zama bakin wuƙa. Galibi maganaɗisu ba ya kama shi. Amma kada a ce duk wanda maganaɗisu ya kama zai yi kaifi, domin akwai 430 da ake yin cokula masu araha da shi, yana kamuwa, shi ma ba ya tauri. Masu yin tauri su ne irin 420 da 440C da AEB-L, wanda asalinsa don reza aka yi shi a ƙasar Suwidin, mai kabon wajen kashi 0.67 da kiromiyam kashi 13. Su kuma halinsu daban: a iska kawai suke taurara, in aka ci gaba da dukansu bayan sun sauko daga zafi sai su tsage.

A ganina, abin da ya fi dacewa da maƙerinmu da kuma buƙatar mahauci shi ne falle uku, abin da Japanawa ke kira sanmai. Ƙarfe mai kabon a tsakiya, istil dama da hagu. In aka wasa, na tsakiya ne ke fitowa a baki ya yi yanka, na gefe su tsare jiki daga tsatsa. Haɗi ɗaya ne, ba ninki, kuma wajen taurarawa na tsakiya kaɗai ake bi. Da yawa daga wuƙaƙen girki na Japan masu tsada haka aka yi su. Sai dai shi ma yana da tarkonsa. Kiromiyam yana son kabon kamar yadda yake son oksijin, saboda haka muddin jerin na cikin zafi, kabon na gudu daga tsakiya yana shiga gefe. In an daɗe, ko na tsakiyar ya cika siriri, sai a gama wuƙa a tarar bakin ya yi laushi, gefen da ya sha kabon kuma ya rage juriyar tsatsa. An yi ba a yi ba ke nan. Masu hali kan sa siririn fallen nikel tsantsa tsakani, domin kabon ba ya ratsa shi da sauƙi. Marar hali sai ya bar na tsakiya da kauri, ya rage yawan komawa wuta.

Tarko na biyu wajen tsomawa yake. Ƙarfe mai kabon idan yana taurara ɗan kumbura yake yi, shi kuwa 304 idan yana hucewa ya fi shi tsukewa. Ɗaya na buɗewa, biyu na ja daga gefe, sai ka ji ƙas, wuƙar ta tsage ta tsakiya tun daga tsini, ba ma a layin haɗin ba. Don haka ba a tsoma irin wannan a ruwa, sai a mai mai ɗumi, kuma ba a ajiye ta a ce sai an dawo daga salla a sassauta ta, wato a ɗan sake ɗumama ta don taurin ya ragu. Sannan a buga dama da hagu daidai wa daida, in ba haka ba na tsakiya ya karkace, a wasa wuƙa a tarar wani sashe na bakin istil ne marar tauri. A kuma faɗa wa mai saye gaskiya: siririn layin nan na baki zai canja launi, zai yi tsatsa in an bar shi a jiƙe. An rage masa aiki ne, ba a ɗauke masa ba.

Wuƙar da duk jikinta istil ne mai zane, wannan wani mataki ne. Ana haɗa AEB-L da 304, ko a sayi wanda kamfani ya riga ya haɗa, irin na Damasteel a Suwidin, da ke yin nasa daga garin ƙarfe iri biyu a matse cikin zafi ba iska. Taurara shi na buƙatar digiri 1,050 zuwa sama, a riƙe shi daidai na wasu mintuna, a naɗe cikin takardar ƙarfe. Ido ba ya auna wannan, sai murhun lantarki mai ma'auni. Wanda ba shi da shi ya haƙura.

Baƙin ƙarfe kuwa Allah ya hutar da mu, yana da alama. A digiri 770 maganaɗisu ke daina kama shi, kuma zafin tsomawa na irin ƙarfe mai kabon mai lamba 1084 yana gaba kaɗan, wajen 815. Maƙeri ya rataya maganaɗisun tsohuwar lasifika kusa da wuta, ya taɓa, in ya saki ya ƙara ɗan launi ɗaya, ya tsoma. Bayan nan sai sassautawa a wajen digiri 200, har gogaggen ƙarfen ya yi launin busasshiyar ciyawa. Yawancin wuƙaƙen da ke karyewa ko dakushewa, a wannan matakin aka cuce su, ba a wajen haɗi ba.

Yanzu batun yawan fallaye, wanda 'yan kasuwa suka mayar abin tutiya. Lissafi ne kawai: ka fara da 7, ninki shida ya ba ka 448. A wuƙa mai kaurin milimita 3, kowane falle bai kai kaurin gashin kai ba. Kuma a irin wannan siranta, kabon ya riga ya bazu ya daidaita tsakaninsu tun a ninkin farko-farko, saboda haka zancen wai falle mai tauri da mai laushi suna jere suna yanka kamar zarto, galibi zance ne. Abin da ke fitar da zane shi ne ma'adinan da ba sa yawo. Shi ya sa maƙeran waje suka fi son 1084 da 15N20: na farko yana da manganis, yana baƙi a ruwan tsami, na biyu ƙarfen zarton katako ne mai nikel wajen kashi 2, yana zama fari, kuma zafin taurararsu kusan ɗaya ne. Siffar zanen kuma daga hannu take: a murɗa sandar, ko a yanka mata tsagi-tsagi, ko a ɗan huda ramuka sannan a baje. Ruwan da ake tsomawa don zane ya fito ferik kulorayid ne, wanda masu haɗa allon lantarki ke amfani da shi, a sirka da ruwa. Khal, wato binega, ko lemun tsami ma suna yi a hankali. In an fitar a wanke da ruwan kanwa don tsamin ya mutu, a shafa mai. Ruwan batir ba na wannan aiki ba ne.

Mu da ke tsintar ƙarfe a kasuwar gwangwan, sai mu san abin da muke tsinta. Sifirin mota da yawa irin 5160 ne, kuma yana da kiromiyam kusan kashi 1. Boris, wato 52100, yana da wajen kashi 1.5. Ba su kai istil ba, amma ɗan wannan ya isa ya sa su yi gardama, musamman in an ce sifiri ya kama sifiri. Tsohon magagari da ruwan zarto sun fi biyayya. Kuma bututun famfo mai rufin zinki ba a yin akwati da shi, hayaƙinsa na kwantar da mutum da zazzaɓi. Hayaƙin waldar istil ya fi shi sharri, domin yana ɗauke da wani nau'in kiromiyam da aka tabbatar yana jawo ciwon dajin huhu. A yi ta a fili, iska na kaɗawa gaba.

Yana da kyau a tuna dalilin da ya sa mutanen da suke ninke ƙarfe. Ba don ado ba ne. Ƙarfen da ake fitarwa daga tama a rahoniya yana zuwa da datti, wani wuri kabon ya yi yawa wani wuri babu, sai an yi ta ninkewa ana duka kafin ya tsarkaka ya daidaita. Tsibin kashin ƙarfe da ke tsohon birnin Meroe, wajen Bajrawiya arewa da Shandi, shaida ne cewa an fi shekara dubu biyu da sanin wannan wahala a bakin Nilu. Ƙarfen masana'anta na yau ya riga ya fito a tsarkake, ninki ba ya ƙara masa komai sai kyan gani da haɗarin aibi. Takubban Dimashƙa na tarihi ma ba ninke su aka yi ba. Ƙarfe ne da ake narkawa a 'yar tukunya a kudancin Indiya da Sirilanka, mai kabon tsakanin kashi 1 da 2, zanensa daga cikinsa yake tsirowa. Al-Kindi ya yi rubutu a kan ire-iren takubba a Bagadaza tun ƙarni na 9. Sana'ar ta ɓace daga baya, sai a shekarun 1990 wani malamin kimiyyar ƙarfe, John Verhoeven, da maƙeri Alfred Pendray suka nuna cewa ɗan burbushin banadiyam da ke cikin tamar yana da hannu a zanen. Wanda muke gani a waya kuwa, Bill Moran ne ya farfaɗo da shi a Amurka a 1973. Takobin kaskara da Sudan ke alfahari da shi, da yawa daga tsofaffin ruwansa daga Solingen ta Jamus aka kawo, irin dai waɗanda Heinrich Barth ya tarar ana shigo da su Kano a 1851. Da wannan ya yanke, maƙeran Kassala suka koma sifirin lori, falle ɗaya, kuma babu wanda ya ce ba ya sara. Wuƙar sifiri da aka taurara daidai ta fi mai falle ɗari huɗu da aka yi wa haɗin ganin dama.

Ga mai saye, araha ba ta ado. Akwai waɗanda zanen bugawa aka yi a kan istil da leza ko ruwan tsami. Duba gadon bayan wuƙar da gindinta wajen ƙota: na gaskiya layukan na ratsawa har can, kuma in ka goge wuri ka ɗiga lemun tsami zanen zai dawo. In ka ga wuƙa goma a shago zanensu iri ɗaya sak, ka san inji ne. Akwai kuma waɗanda fallayen gaskiya ne, amma ba wanda ya san daga wane tarkace aka haɗa su. Goga magagari a bakin: in ya zame yana ƙara, akwai tauri, in ya ci kamar yana cin ƙusa, ta ado ce. Bi jikin da farce ka nemi siririn baƙin layi da ke kama farcen. Wannan wurin bai haɗu ba, kuma ga mahauci ba ƙaramin aibi ba ne, domin jini da kitse za su shige ciki inda wanki ba ya kaiwa. Tambayar da ta fi "falle nawa ne?" amfani ita ce, "Malam, wane ƙarfe ne a bakin, kuma yaya aka taurara shi?"

Maƙerin da ke son shiga wannan aiki kuma, kafin ya karɓi kuɗin kowa, ya yanki ɗan guntu daga kowane jerin da ya haɗa. Ya dasa kurfi a kan layin haɗin ya buga, ya matse guntun a bais ya lanƙwasa shi har ya karye, sannan ya duba karayar. In ta ratsa fallayen ta wuce kamar ƙarfe guda ne, haɗi ya yi. In ta bi layi ta buɗe, ya ga fuska mai santsi, toka-toka ko mai ɗan kore, iska ta shiga, sai ya koma ya binciki waldar da ya toshe kewayen da ita.